Man habbatus sauda: a raba mu da masu ha'inci da sunan Sunna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a wannan jarida in yi magana a kan man habbatus sauda da irin cinikinsa da ake yi a kasuwanninmu na karkara. Ni tsohon malamin gona ne a ƙasar Ringim. Bayan na ajiye aiki na sayi ɗan injin tatsar mai, ina tatsar wa jama'a riɗi da gyaɗa, ina kuma tatsar habbatus sauda idan na sayo ƙwayarta daga Kano ko wani ya kawo tasa. Don haka mai ba baƙona ba ne, ina gane shi da ido da hanci da maƙogwaro. Abin da ya shafi hadisi kuwa daga zauren malaminmu na ɗauko, na asibiti kuma daga bakin 'yar ƙanena da ke aikin jinya, wadda ba ta gajiya da tambayoyina.

Ƙorafina shi ne, man nan yana da amfani na gaskiya, amma an bar shi a hannun mutanen da ke gurɓata shi a kwalba, suna kuma ƙara masa ƙarya a baki. Abin ya kai talaka yana biyan kuɗin abin da ba shi ba ne, yana kuma ajiye maganin da Allah Ya sa ya zama sanadin tsayuwarsa da ƙafafunsa.

Babu musulmin da zai yi jayayya a kan darajar wannan ƙwaya. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a cikin habbatus sauda akwai waraka daga kowace cuta in ban da mutuwa. Na yi imani da wannan ɗari bisa ɗari. Tun muna yara, alhajin da ya sauka daga Makka ba a rasa ƙullinta a tsarabarsa tare da dabino da zamzam, iyayenmu mata kuma su adana ta a ƙasan kwalla, sai ciwo ya taso a ɗebo 'yar kaɗan. Yau kuwa ka je Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, za ka tarar da mota an ɗaura mata lasifika, an jere kwalabe a kan boneti rana tana dukansu tun hantsi har la'asar. Mai tallan zai fara da hadisin, ya karanto shi da Larabci mai daɗi, sannan ya bi shi da jerin cututtuka: suga, hawan jini, hanta, ƙoda, daji, sikila, rashin haihuwa, har da farfaɗiya. Wanda ya tsaya sauraro ba zai iya cewa ga inda maganar Annabi ta ƙare, ga inda ta ɗan kasuwa ta fara ba. In ka yi ƙarfin hali ka yi tambaya, sai a juyo maka da cewa shakkar hadisi kake yi. Tsoron wannan tuhuma ne ya rufe bakin mutane da yawa da suka san gaskiya.

Wani dare bayan Magariba na kai maganar zaure. Na ce, "Allah gafarta Malam, tunda waraka ce daga kowace cuta, mai hawan jini ya ajiye ƙwayar asibiti ke nan?" Malam ya ce, "Malamin gona, miƙo mini littafin can." Fathul Bari ne, sharhin Ibn Hajar a kan Bukhari. Ya karanta yana fassarawa, cewa kasancewarta waraka ga kowace cuta ba yana nufin a yi amfani da ita tsurarta a kan kowane ciwo ba. Wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci a haɗa ta da wani abu, wani a daka ta, wani a bar ta yadda take, wani a ci, wani a sha, wani a shaƙa, wani a ɗaura. A wurin kuma an kawo maganar Imam Khaɗɗabi cewa lafazin na gama-gari ne amma wani yanki ake nufi da shi. Malam ya ƙara da abin da Ibnul Ƙayyim ya faɗa a Zadul Ma'ad, inda ya kwatanta hadisin da ayar Suratul Ahƙaf a kan iskar da ta halaka Adawa, wadda aka ce tana rugurguza kowane abu da umarnin Ubangijinta, wato kowane abin da ke karɓar rugujewa. Ayar da kanta ta ci gaba da cewa suka wayi gari ba a ganin komai sai gidajensu. Akwai malaman da suka bar lafazin hadisin a kan faɗinsa, kamar Ibn Abi Jamra, kuma Malam bai ɓoye mana wannan ba. Amma ya tunatar da mu cewa Annabin da ya faɗi hadisin shi ne ya yi ƙaho, shi ne ya ce a ba mai gudawa zuma, shi ne ya ce a sanyaya zazzaɓi da ruwa. Da magani ɗaya ya isa a kan komai da komai, da bai nuna wa sahabbai waɗannan ba.

Akwai ruwayoyi biyu da masu lasifika ba sa karantowa, kuma su suka fi zama a raina. Ta farko tana cikin Bukharin nan dai. Galib ɗan Abjar ya yi rashin lafiya a hanyar Madina, Ibn Abi Atiƙ ya zo duba shi, ya ce a ɗauki ƙwaya biyar ko bakwai a niƙa, a ɗiga masa a hanci da ɗan mai, wannan gefe da wancan, sannan ya kawo hadisin daga Nana A'isha. Ƙwaya biyar ko bakwai fa, ga babban mutum. Mutanen da suka fi mu kusa da Annabi da awo suke aiki. Ta biyu kuwa tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a kowane zaure: wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi, aka kira mutum biyu daga Banu Anmar, Annabi (SAW) ya tambaye su wane ne ya fi sanin magani a cikinsu. Tambayar wa ya fi sani Sunna ce. Wanda ya hana ka yin ta shi ne ya saɓa.

Ta ɓangaren masu bincike kuma ba a raina wannan tsiro ba. Sunansa a wurinsu Nigella sativa, ɗan ƙaramin tsiro mai fure fari ko shuɗi-shuɗi, ana noma shi a Masar da Habasha da Indiya da Turkiyya da Siriya. Daɗaɗɗe ne ƙwarai, har an sami ƙwayoyinsa a kabarin Tutankamun, sarkin Masar na dā, wanda aka gano a 1922, Ibn Sina ma ya ambace shi a littafinsa Al-Ƙanun. A farkon shekarun 1960 masu bincike a Masar suka ware sinadarin da ake danganta yawancin aikinsa da shi, wanda ake kira taimokwinon. Shi ne yake cikin ɓangaren man mai ƙamshi da yaji.

'Yar ƙanena ta zauna ta karanto mini wasu gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, kuma na rubuta su a littafina don kada in ƙara gishiri. A Dammam ta Saudiyya, a binciken da aka buga a 2010, an ɗauki masu ciwon suga 94, aka riƙa ba su garin ƙwayar giram 1 ko 2 ko 3 a kullum har wata uku. Sugan waɗanda suka sha giram 2 ya sauka sosai, na giram 3 kuwa bai fi su ba. A Jidda, a 2017, an gwada man a kan masu asma 80, ƙwanso mai miligiram 500 safe da yamma na mako huɗu, kuma waɗanda suka sha sun fi waɗanda ba su sha ba samun sauƙin tashin ciwon. A 2016 an tattara gwaje-gwaje 11 a kan hawan jini aka haɗa sakamakonsu, aka ga yana sauke jinin da kamar maki 3 a ma'auni. Akwai kuma waɗanda suka nuna yana rage kitsen jini kaɗan. Na ji daɗin waɗannan ƙwarai. Sai ta dafa littafin ta ce, "Baffa, ka lura da abu ɗaya. Masu sugan nan da masu asmar nan ba wanda aka karɓe wa maganinsa na asibiti. Ƙari aka yi musu a kai." Ta kuma ce hawan jini daga 140 bisa 90 yake farawa, to mutumin da nasa ya kai 180, in aka rage masa 3 ina ya je? Yana nan a bakin rami.

Ga abin da muke yi da shi a gidana, kuma muna ganin amfaninsa. Da hunturu idan mura ta toshe hanci, uwargida tana ɗan soya ƙwayar a busasshen kasko, ta ƙulle a tsumma mai tsabta a riƙa shaƙa. Wannan tsohuwar hanya ce, tana cikin littattafan magabata. Gwiwata mai sanyin ƙashi ina shafa mata man bayan na cakuɗa shi da man kaɗe, haka ma faso da kaushi. Matan gidan suna haɗa shi da man riɗi su shafa a fatar kai saboda amosani. Na sha kuwa rabin cokalin shayi ne a cikin koko ko da zuma, ba kullum ba. A gwaje-gwajen da aka yi da man, yawanci abin da ake ba babban mutum a yini bai wuce cokalin shayi ɗaya ba, wato mililita 5. Duk wanda zai fara shafawa ya fara ɗiga kaɗan a cikin damtsensa ya kwana ya gani, domin akwai fatar da ba ta karɓarsa, takan yi ja da ƙaiƙayi, wata har ta yi bororo. Mun kuma manta cewa kayan ƙamshin abinci ce. Mutanen Turkiyya da Indiya da Habasha suna barbaɗa ta a burodinsu. Da masu gurasa da masu dakan yaji za su riƙa sa ta, da ta shiga jikinmu kullum ta hanyar da ba ta da wata illa.

Yanzu bari in zo kan sana'ata, inda nake da ta cewa fiye da ko'ina. Ƙwayar habbatus sauda kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta mai ne. Amma inji irin namu, wanda ke matsa ba tare da an gasa ƙwayar ko an zuba mata wani sinadari ba, ba ya fitar da duk man, wani yana tafiya a cikin tunkuza. Kafin ka cika kwalbar lita ɗaya sai ka matse kilo uku zuwa huɗu. Ƙwayar kuma ba a gonakinmu take fitowa ba, daga waje ake shigo da ita, da kuɗin waje. To duk mai son sanin gaskiyar kwalbar da ke hannunsa ya shiga Kasuwar Kurmi ya tambayi kuɗin kilo, ya ninka sau uku ko huɗu, ya ɗora kuɗin mota da na man inji da na kwalba da ribar mai sayarwa. Sannan ya dawo ya dubi abin da ake miƙa masa a kasuwar ƙauye a kan kuɗin da bai kai na ƙwayar kaɗai ba. Ba ɗan kasuwar da ke fitowa daga gida don ya faɗi. In man ya yi arha haka, ba shi ba ne.

Ba zato nake yi ba. An taɓa zuwa har wurin injina da buhun gyaɗa da ɗan kwanon habbatus sauda, aka ce in haɗa in matse su tare, kuma mai kayan bai ɓoye mini sunan da zai rubuta a jikin kwalba ba. Gyaɗar ma ta baya ce, wadda ta sha danshi ta yi fumfuna, irin wadda muka yi shekaru muna gargaɗin manoma a kanta saboda gubar afalatoksin mai lalata hanta. Na ce masa ya ɗauki kayansa. Wasu ko inji ba sa nema, man girki na jarka suke samu su jiƙa garin ƙwayar a ciki ya ɗauki wari, su ƙara masa abin da zai sa ya yi baƙi, domin mutanenmu suna ɗauka man baƙar ƙwaya dole ya fito baƙi ƙirin. Ba haka yake ba. Na gaskiya launinsa kamar na zuma mai duhu ne, in ka ɗaga shi a haske kana ganin ja-ja a ciki. Warinsa yana da ƙarfi, yana da ɗaci, kuma in ka haɗiya sai ya yi maka yaji a maƙogwaro ya ɗan jima bai tafi ba. Na ƙwayar Habasha ya fi kowanne wannan yajin a cikin waɗanda na matsa. Haɗa shi da wani mai ba laifi ba ne, ni ma ina haɗawa don shafawa. Laifin shi ne ka haɗa ka ce zalla ne. Hukuncin wannan a bayyane yake a cikin Sahihu Muslim: wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu.

Ko na gaskiyan ma ajiya tana kashe shi. Sinadarin nan na taimokwinon ba ya jure haske da zafi, man kuma irin mai saurin juyawa ne, shi ya sa ake zuba shi a kwalbar gilashi mai duhu a ajiye a inuwa. Wanda ya yi makonni yana yawon kasuwanni a farar roba a cikin zafin bazara, sunan ne kawai ya rage masa. Wasu kwalaben ma tsofaffin na maganin tari ne da yara ke tsintowa, a ɗauraye da ruwan da aka samu. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A 2022 wasu masu bincike a Jamus sun auna man habbatus sauda iri-iri da ake sayarwa, suka tarar sinadarin da ke cikin wani ya ninka na wani fiye da sau 200. In haka ta faru a inda ake sa ido, mu da ba mai leƙa kwalabenmu fa?

Asarar kuɗi mai sauƙi ce a kan abin da ya sami wani aminina, manomi, wanda muka yi shekaru muna gwajin iri a gonarsa. An gano yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan ƙwaya, yana sha yana nomansa lafiya lau. Wata ranar kasuwa wani mai magani ya ce masa ƙwayar Bature ƙoda take cinyewa, ya ajiye ta ya kama man nan cokali uku na cin abinci safe da yamma, in ya yi yaƙini ya rabu da ciwon har abada. Ya ajiye. Ya kuwa ji garau, domin hawan jini ba kullum yake nuna alama ba, mutum yana iya yawo da shi bai sani ba. Bayan an gama girbi, yana alwalar Asuba ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu idan na je duba shi sai na sunkuya sosai nake gane abin da yake faɗa, babban ɗansa kuma ya bar makaranta ya kama gona. Mai ɗakinsa ta ce mini, "Malam, ai cewa aka yi maganin Annabi ne, wa zai hana shi?" Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, domin tsoron Allah ne ya sa ta yi shiru, kuma da wannan tsoron aka cuce su. Mai maganin kuwa ya kwashe kayansa ya yi gaba. Alhali akwai hadisi a Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah cewa wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin magani ba, to alhakin abin da ya faru yana wuyansa. Ƙodar da aka tsorata shi da ita kuwa, hawan jini da suga da ba a kula da su ba suna cikin manyan abubuwan da ke kashe ta. Mu da ciwon ƙoda ya yi wa yankin Haɗeja da maƙwabtanmu na Gashuwa katutu, bai kamata a riƙa yi mana wasa da wannan ba.

Akwai waɗanda ya kamata su yi taka-tsantsan ko da man na gaskiya ne. Mai suga da ke shan ƙwaya ko yake allurar insulin, in zai ƙara da shi ya gaya wa ma'aikacin lafiyarsa, domin duka biyun sauke suga suke yi, kuma sugan da ya faɗi ƙasa sosai yana sumar da mutum, musamman da azumi. Haka mai shan maganin tsinka jini da wanda za a yi wa tiyata. Mai juna biyu ta tsaya a kan ɗan abin da ake sa wa abinci, kada ta sha man. Idan naƙuda ta daɗe kuma a nemi mota, kada a zauna ana ba ta cokali bayan cokali. Wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Jahun ya ga abin da doguwar naƙuda ke bari.

Sai jarirai, kuma a nan ina roƙon kakanni mata su saurare ni da kunnen basira, domin na san ƙauna ce ke sa su. Ana ɗura wa jariri man nan, ana ɗiga masa a hanci don mura, wani lokaci da zuma. Jariri bai iya haɗiya yana kuka ba. Mai yakan kauce ya sauka a huhu, ya zauna can ya haddasa ciwon huhu mai wuyar magani. Zuma ma ba a ba yaron da bai shekara ba. Nonon uwa zalla har wata shida ya ishe shi. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damina har yana shiɗewa, gwajin maleriya yake bukata a ranar. Wanda kububuwa ta sara allurar dafi yake bukata. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya je a duba majinarsa, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha. Duk waɗannan in an je an karɓi magani, ba wanda ya hana a ci gaba da addu'a da abin da Sunna ta nuna.

Mutane suna cewa ai kwalbar tana da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Da yawa ba su da ita. Masu ita ɗin ma ya kamata a fahimci abin da take nufi. Lambar da hukumar ke fara ba magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an duba ba a ga abin cutarwa ba. Ba shaida ce ta cewa maganin yana warkar da abin da aka lissafa ba, shi ya sa ake sa wani ɗan rubutu da Turanci a jikin kwalbar da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wa zai karanta wannan a ƙauyenmu? Ina roƙon a wajabta rubuta shi da Hausa, boko da ajami, da manyan baƙi, tare da sunan mai matsa da inda yake da ranar da aka matsa. Ina kuma roƙon jami'an hukumar da na ma'aikatun lafiya na Jigawa da Kano su riƙa shiga kasuwannin mako, domin a can ne cinikin yake. Gidajen rediyo su ma su ji tsoron Allah a kan irin tallan da suke karɓa. Mutumin ƙauye ya ɗauki abin da ya fito daga rediyo a matsayin abin da aka tantance. Limamanmu kuma, waɗanda su ne jama'a suka fi ji, don Allah su ware huɗuba guda su karanta wa mutane hadisin tare da sharhinsa, kamar yadda Malam ya karanta mana.

Masu maganin gargajiya na ƙwarai, da masu shagunan Islamik Kemis da ke tsare amana, ba da su nake ba. Na san wasunsu, kuma su ne na farko da wannan ha'inci ke ɓata wa suna. Hanyar ɗaga darajar maganinmu a bayyane take. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta gwada shi a kan masu sikila, ya zama maganin da ake kira Niprisan. Abin da ke cikin kwandon kayan yajinmu ne, amma sai da aka auna shi aka gwada shi kafin duniya ta saurara.

A matsayina na malamin gona akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Habbatus sauda amfanin sanyi ce. A Masar da Indiya wajen Oktoba zuwa Nuwamba ake shuka ta, ta yi wata huɗu zuwa biyar a gona. Kusan lokacin da muke shuka alkama ke nan a kwarin Haɗeja da Kadawa. Sanyinmu ya fi nasu gajarta, zafi yakan shigo tun Maris, don haka ba abu ne da manomi zai zuba jarinsa a kai da ka ba. Aikin masu bincike ne su gwada iri daban-daban da ranakun shuka daban-daban a 'yan ƙananan fuloti. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru tana da tashar noman rani a Kadawa, Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga JARDA da KNARDA, hukumomin bunƙasa aikin gona na Jigawa da Kano, da za su kai wa manoma sakamako. Jigawa da ta yi suna a riɗi da zoɓorodo tana da hannun da zai iya da ƙananan ƙwayoyi irin wannan. In ta karɓi ƙasarmu, ƙwayar za ta yi sauƙi, matan da ke matsar man gyaɗa za su sami sabuwar sana'a, mai saye kuma zai tsaya a gaban inji ya ga abin da aka zuba da abin da ya fito.

Kafin wannan, Malam Edita, ga abin da jaridarka za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba. Ka tura wakili ya sayo kwalabe daga kasuwannin mako na Jigawa da Kano, ya haɗa da na shagunan cikin birni, masu tsada da masu arha. A cire takardun jikinsu a sa musu lamba, a kai sashen harhaɗa magunguna na ɗaya daga cikin jami'o'inmu a auna wane mai ne a ciki da yawan sinadarin da ke cikinsa, sannan a buga sakamakon da Hausa, a kuma ba gidajen rediyo su karanta. Idan za a yi, ina neman a sa man injina a cikin waɗanda za a auna, zan aiko da shi ta hannun wakilinku na Dutse.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa.